Inda ƙwaya ta 61 ta sauka: nazarin wani kuskure a lissafin gas mai tsananin sanyi

Ina koyar da fiziks a wata jami'a a nan Kumasi, kuma cikin ɗaliban digiri na biyu da nake duba aikinsu akwai wata 'yar Aboabo, 'yar zangonmu. Wata ranar Talata a watan Yuni, ana sheƙa ruwa, ta shigo ofis da laftof ɗinta a naɗe cikin leda. Ta gaishe ni a gurguje, ta buɗe, ta juyo mini da fuskar na'urar.

"Malam, na ga abin da aka ce ba ya faruwa."

Zane ne guda ɗaya. Layi ya taso daga hagu a hankali, ya miƙe sambal a tsakiya kamar saman tebur, ya sauka a dama. A fahimtarta, tsakiyar nan ƙwayoyin zarra ne da suka cije wuri ɗaya, gefe da gefe kuma masu malala ne ba tirjiya, kuma babu komai tsakanin biyun. In haka ne, ta rushe wata hujja da manyan masana suka kafa tun 2009. Wata 3 muka yi kafin mu gane inda gizo ke saƙar, kuma tushen kuskuren shawara ce da ni na ba ta. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta lamarin daki-daki.

Abin da ake magana a kai

A 1924 Satyendra Nath Bose, yana koyarwa a Dhaka, ya aika wa Einstein wata takarda kan yadda ake ƙirga ƙwayoyin haske. Einstein ya ɗora lissafin a kan ƙwayoyin zarra, ya ce in aka sanyaya wani irin gas sosai, ƙwayoyin za su taru a hali guda, su zama igiya ɗaya, irin igiyar ruwa. Shekara 70 aka jira. A watan Yunin 1995, a Boulder ta jihar Kolorado a Amurka, Eric Cornell da Carl Wieman suka sanyaya ƙwayoyin rubidiyom kusan 2,000 zuwa wajen nanokelbin 170. Ƙarshen sanyi, inda babu sauran ƙasa, shi ne digiri 273.15 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, nanokelbin kuma kashi ɗaya ne cikin biliyan na digiri, ana ƙirgawa daga wannan ƙarshen zuwa sama. Watanni kaɗan bayan haka Wolfgang Ketterle ya yi nasa da sodiyom a jami'ar MIT ta Amurka, su ukun suka karɓi kyautar Nobel a 2001.

Gas mai wannan sanyi ba a zuba shi a kwano, domin da ya taɓa bango zai ɗumama. Ana rataye shi ne a sarari da maganaɗisu ko hasken leza. Wannan shi ne tarko, kuma siffarsa ta kwarya ce: tsakiya zurfi, gefe tudu. Ku riƙe zancen kwaryar nan, za mu komo kanta.

In aka haɗa hasken leza biyu suna fuskantar juna, sai a samu ramuka a jere, kamar kiret ɗin ƙwai, ƙwayoyin zarra su zauna a ciki. Daga nan abu biyu ke kokawa. Akwai saurin tsallakawa daga rami zuwa maƙwabcinsa, wanda ake rubutawa J. Akwai kuma ƙyamar da ƙwaya biyu ke yi wa juna in suka haɗu a rami guda, wadda ake rubutawa U. In J ya rinjaya, kowace ƙwaya tana ko'ina lokaci ɗaya, duka suna kaɗawa tare, gas ɗin yana gudana ba gogayya. Zan kira wannan halin malala. In U ya rinjaya kuma adadin ƙwayoyi ya yi daidai da na ramuka, sai kowa ya zauna a nasa. Kamar torotoro ce, wato motar haya, da ta cika a tashar Kejetia: kujera ɗaya mutum ɗaya, ba mai motsi, kuma in yaron mota ya ce sai ya ƙara fasinja, dole wani ya ɗauki wani a cinya. Tsadar wannan ƙarin ita ake kira giɓi, halin kuma cijewar Mott, da sunan Nevill Mott. A 2002 Markus Greiner da Immanuel Bloch da abokan aikinsu suka ga sauyawa daga malala zuwa cijewa ƙiri-ƙiri a birnin Munik na Jamus.

Sai abu na uku, wanda shi ne kan aikin ɗalibata. Me zai faru in ramukan ba zurfinsu ɗaya ba, wani ya faɗa, wani ya taso, ba tsari? Mu a aji gargada muke ce masa, domin duk wanda ya bi lungunan Aboabo ko Asawase bayan damina ya san ta a jikinsa. A 1958 Philip Anderson ya nuna cewa igiyar kwantam da ke tafiya a kan gargada tana karo nan, tana dawowa can, ɓangarorinta suna kashe juna, har ta tsaya cak a wuri guda ko da kuwa tana da ƙarfin da za ta haye kowane tudu. An ga wannan da ƙwayoyin zarra a 2008, a wuri biyu, sakamakon ya fito a mujallar Nature a wata guda. Ƙungiyar Alain Aspect a Palaiseau kusa da Faris ta haska leza ta cikin gilashi mai dishi-dishi ta samar da gargada, ta ga gajimaren rubidiyom ya fara bazuwa sannan ya tsaya. Ƙungiyar Massimo Inguscio a Filorens ta Italiya ta yi amfani da fotashiyom-39, wanda ake iya kashe ƙyamar da ke tsakanin ƙwayoyinsa da maganaɗisu.

In aka haɗa gargada da ƙyama, wani hali na daban ke fitowa. Giamarchi da Schulz sun yi lissafinsa a layi ɗaya a 1988, a 1989 kuma Fisher, Weichman, Grinstein da Fisher suka shimfiɗa taswirarsa, suna tunanin ruwan hiliyom da ya jiƙa gilashi mai ƙananan ƙofofi. Sunansa gilashin Bose. Ba ya gudana, kamar cijewar Mott, amma kuma ba shi da giɓi: in ka kawo ƙarin ƙwaya za ta samu wurin zama da araha, kamar a halin malala. Ya ɗauki rabi nan, rabi can, shi ya sa gane shi ke da wuya. An yi shekara 20 ana gardama ko malala tana iya komawa cijewa kai tsaye in akwai gargada, har wasu lissafe-lissafen kwamfuta na shekarun 1990 suka nuna kamar tana iyawa. A 2009 Pollet, Prokof'ev, Svistunov da Troyer suka kawo hujjar da ta kashe maganar: gilashin Bose kullum yana tsakani. Wannan ce hujjar da zanen ɗalibata ya ƙaryata.

Yadda ta yi aikin

Ba mu da ɗakin gwajin da zai kai nanokelbin, amma layi ɗaya na ramuka laftof yana iya ɗaukar lissafinsa, da dabarar da Steven White ya ƙirƙiro a 1992, wadda aka fi sani da DMRG. Ta ɗauki rami 100, ƙwaya 60, ta sa U ya ninka J sau 12. Wannan ya wuce iyakar cijewa nesa, domin a layi ɗaya mara gargada ana shiga cijewar Mott ne in U ya kai wajen ninki 3.3 na J. Ta ɗora tarkon kwarya. Sannan ta ba kowane rami nasa zurfin da kwamfuta ta zaɓa da ka, tsakanin 2J sama da 2J ƙasa.

Gargada ɗaya ba ta isa hujja, don haka sai a maimaita da sabuwa, a sake, a sake. Ta yi sau 200. Kowane zagaye yana cin kusan awa guda, wutar lantarki kuwa kun san halinta, dumsor, wato ɗauke wuta, ba ya sallama. Sau biyu aikin dare ya mutu a tsakiya, ma'ajiyar laftof ɗin kuma ta kusa cika. Da ta kawo mini kuka a watan Afrilu, na ce mata:

"'Yata, ba sai kin ajiye kowane zagaye ba. Ki riƙa haɗa su kina ajiye matsakaicinsu, tunda shi za ki zana."

Ta ce, "To, Malam." Ta gyara manhajar a ranar. Daga nan duk zagayen da ya ƙare, sai a zuba shi cikin jimla a goge asalinsa.

Ma'aunin da ta yi hukunci da shi biyu ne. Inda kowane rami ke da ƙwaya ɗaya cif, adadin ba ya rawa, ta ce cijewa. Inda adadin ya zama rabi ko sulusi yana kuma rawa, ta ce malala. Ta ƙara da hoton saurin ƙwayoyin gajimaren gaba ɗaya, irin wanda ake ɗauka a ɗakin gwaji in an saki tarko, ta ga tudu a tsakiyarsa, ta ce ga shaidar cewa suna kaɗawa tare. A gas mara gargada wannan hukunci daidai ne, haka aka koya mata, haka kuma na koya mata.

Inda aka yi tuntuɓe

Makon farko mun ɓata shi muna neman kuskure a manhaja. Muka cire gargada, sakamako ya fito yadda aka san shi. Muka ƙara tsananin lissafin, zanen bai gusa ba. Manhaja lafiyarta ƙalau.

Abin da ya buɗe mana ido tambaya ce ƙarama. Na ce mata ta ɗauki gargada guda ɗaya tak, ta yi lissafi da ƙwaya 60, ta sake da 61, ta debe na farko daga na biyu. Abin da ya rage shi ne amsar tambayar: ina ƙwaya ta 61 ta tafi? In gefen na malala ne, za ta baje a kansa duka, kaɗan a nan kaɗan a can. Ta yi a gabana, muka zauna muna jira, fankar laftof ɗin tana ta huci. Da zanen ya fito, ƙwayar ba ta baje ba. Ta dunƙule a rami 5 ko 6 a gefen hagu, tsini guda kamar ƙaya, sauran layin fayau. Ta sauya gargada. Tsinin ya koma dama. Ta sake sauyawa, ya dawo hagu, amma can kusa da bakin teburin.

Ta yi shiru tana kallo, sannan ta ce, "Malam, ai wannan kududdufan layinmu ne."

Ta fi ni bayaninsa. Ranar da aka yi ruwa, in ka leƙa lungunsu za ka ga kududdufi nan, kududdufi can, busasshiyar ƙasa a tsakani, yara suna tsallakewa. Akwai ruwa, in ka zuba bokiti guda zai samu wurin kwanciya, amma ba ya zuwa ko'ina. To ka ɗauki hoton lungu 200, kowanne da inda nasa kududdufan suke, ka ɗora su a kan juna. Hoton da zai fito ruwa ne shimfiɗe daga farkon layi zuwa ƙarshe, wanda bai sani ba zai rantse rafi ne. Matsakaicin da na sa ta ajiye ke nan. Ya narkar da tsini 200 ya mai da su gangara mai santsi, mu kuma muka kalli santsin muka ce malala. Tudun da ta gani a hoton sauri shi ma gaskiya ne, amma na cikin kududdufi ne: ƙwayoyin da ke rami 5 ɗin nan suna kaɗawa tare da juna, ba su san da na kududdufin gaba ba. Da mun lura da faɗin tudun, da mun yi shakka tun farko.

Ashe ba gilashin Bose ne ya ɓace daga zanenta ba. Malalar ce babu. Gefen biyu kusan dukansu gilashi ne.

Da muka koma littafi, muka ga bai kamata ma abin ya ba mu mamaki ba. Tun 1960 Marvin Girardeau ya nuna cewa ƙwayoyin Bose, irin na gas ɗinmu, masu tsananin ƙyamar juna a layi ɗaya suna yin halin ƙwayoyin Fermi (irin waɗanda biyu ba sa zama a hali guda) da ba ruwansu da juna, an kuma tabbatar da haka a gwaji a 2004. Irin waɗannan, a layi ɗaya, kowace gargada komai ƙanƙantarta tana tsayar da su, wannan sananne ne daga aikin Anderson da waɗanda suka biyo shi. Da U ninki 12 na J, ɗalibata tana kusa da wannan iyaka. Na san duka hujjojin biyu, na koyar da su a aji, amma ban haɗa su da zanen da ke gabana ba sai da na ga tsinin.

Tarko da kansa

Ta sake gudanar da zagaye 200, wannan karon tana ajiye kowanne a faifan waje da muka saya a Adum. Sai ta yi tambayar da ta fi ta farko nauyi. Ta rage gargadar sau 10, ta maimaita gwajin ƙwaya ta 61. Ƙwayar ta baje a gefen duka, ba tsini.

"To yanzu fa, Malam? Wannan malala ce ta gaske, ko?"

A nan ne na fi son mai karatu ya tsaya, domin wannan ba kuskuren kowa ba ne, halin tarko ne. Girman kududdufi yana da doka: in gargada ba ta da ƙarfi, ka rage ta da rabi, kududdufi ya ninka sau 4. Ka rage ta sau 10, ya ninka sau 100. Kududdufin rami 5 ko 6 ya zama na rami 500 ko 600. Layinta duka rami 100 ne, kowane gefe bai fi 20 ba. Ƙwayar tana ɗaure, amma igiyar da aka ɗaure ta da ita ta fi gidan tsawo. Babu ma'aunin da za a yi a cikin wannan gefe da zai raba malala da gilashi.

Haka nan a ɗaya bakin, tsakanin gilashi da cijewa. Hujjar 2009 ta tsaya ne a kan wuraren da ba kasafai ake samunsu ba: a layi mara iyaka, dole wani wuri a samu ramuka da yawa a jere da suka yi zurfi tare bisa katari, su zama kududdufi a tsakiyar cijewa, da zarar ƙarfin gargada ya wuce rabin giɓi. Amma dubi lissafin. Damar rami ɗaya ya faɗo cikin kashi goma mafi zurfi ita ce 1 cikin 10. Rami 10 a jere, 1 cikin biliyan 10. Zagaye 200 na rami 100 rami 20,000 ne kacal. Ba za ta taɓa cin karo da shi ba, kuma wannan ne ya ruɗi wasu lissafe-lissafen shekarun 1990.

Kwaryar nan kuma tana ƙara dagula abin. Saboda tsakiya ta fi zurfi, yawan ƙwayoyi yana sauyawa daga tsakiya zuwa gefe, don haka gajimare ɗaya yana ɗauke da hali biyu ko uku lokaci guda, zobe cikin zobe. Kowane zobe yana iya zama rami kaɗan ne faɗinsa. Sauyin hali mai kaifi, irin na littafi, na abu mara iyaka ne. A tarko abin da ake samu sauyawa ce a hankali, kuma duk ma'aunin da ya auna gajimaren gaba ɗaya yana gauraya zobban. A ganina wannan ne dalilin da ya sa gilashin Bose ya daɗe yana wahalar da masu gwaji: a Filorens sun ga alamunsa tun 2007, ƙungiyar Brian DeMarco a Illinois ta bi shi ta wata hanya a 2016, ƙungiyar Ulrich Schneider a Kambirij ta Ingila ta ba da rahoton ganinsa a shimfiɗe mai fuska biyu, wato tsawo da faɗi, a 2024. Masu leza na miliyoyin kuɗi da mai laftof a Aboabo, tambaya ɗaya ke gabansu: abin da na auna na wane zobe ne?

Abin da aka gyara

Ta sauya tsarin aikin ta hanya uku, ba duka ne suka zo da sauƙi ba. Na farko, ba a ƙara goge zagaye. Na biyu, maimakon matsakaici kaɗai, tana zana yadda sakamakon ya rarrabu: zagaye nawa ne ƙwaya ta 61 ta dunƙule, a rami nawa, a wane wuri. Na uku shi ya fi cin lokaci. Ta cire tarko gaba ɗaya, ta yi layi mai rami 50, da 100, da 200, ta auna yadda alaƙar kaɗawa tsakanin rami biyu ke raguwa da nisa. A malala ta layi ɗaya raguwar a hankali take, a gilashi kuwa tana faɗuwa da sauri bayan tsawon kududdufi. Sai ta ga inda U ya yi ƙasa, gargada kuma ba ta da ƙarfi, alaƙar tana riƙewa a duka tsawon ukun. Can ne kaɗai ta yarda ta rubuta kalmar malala. Layi mai rami 200 kwana yake ci, ta riƙa barin laftof ɗin a ofishina inda akwai batirin ajiya, tana zuwa da safe bayan ta sha koko da ƙosai a bakin tasha ta duba ko ya ƙare.

Babi na huɗu na kundinta, wanda da farko ta so ta sa masa taken sauyawa kai tsaye, yanzu yana bayani ne kan iyakar abin da tarko mai rami 100 zai iya nunawa. A taswirar da ta zana akwai launi uku na hali uku, da wani yanki da ta bari fari, ta rubuta a ƙasansa cewa a nan tsawon kududdufi ya wuce faɗin zobe. Wani daga cikin masu duba kundin ya nemi ta cike farin da launin malala don taswirar ta yi kyau. Ta amsa masa cikin ladabi, ta buɗe zanen ƙwaya ta 61 a gargada mai ƙarfi da mara ƙarfi gefe da gefe, ya duba, ya bar farin yadda yake.

Yanzu tana son ta gwada shimfiɗe mai fuska biyu, inda DMRG ke yin nauyi, sai dai lissafin Monte Karlo, wanda ke aiki da lambobin da kwamfuta ke zaɓa da ka. Laftof ba zai ɗauka ba. Mun rubuta takardar neman lokaci a babbar kwamfuta, muna jiran amsa.